Wa ya taɓa karatu a laburaren gwamnati? Ku zo mu ji

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena zai zana WAEC bana, gidanmu kuma kun san gidan yawa, yara da rediyo da masu sallama, ba inda zai zauna ya buɗe littafi. Na ce masa ya tafi laburare sai ya tsaya yana kallona, bai ma san akwai wajen da mutum zai shiga ya zauna ya yi karatu ba. Abin ya dame ni wallahi. Duk wanda ya taɓa zuwa, babba ko reshen unguwa, ya faɗa mana yadda ya gani.

Maman Khadija: Wa alaikumus salam. Kai shi laburaren Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello a nan Kano, can na yi karatun JAMB ɗina. Da sassafe nake fita don in samu kujerar kusa da taga, lokacin jarrabawa in ka makara sai ka tarar ta cika. Za ka bar jakarka a bakin ƙofa ka shiga da biro da littafin rubutu kawai, ciki tsit sai ƙarar fanka da buɗe shafi. A lokacin a nan harabar ma American Corner take, wato ɗakin karatu na ofishin jakadancin Amurka, can na fara taɓa kwamfuta da hannuna.

Malamin Firamare: Allah sarki. Ni na ƙaramar hukumarmu na sani, ɗaki biyu ne kacal da baranda. Akwai wani dattijo ma'aikaci, Baba muke ce masa, ya san inda kowane littafi yake ba sai ya duba kati ba, ka ce masa lissafi na aji uku ya miƙe ya zaro maka. Amma abin da ya riƙe ni a wajen tsofaffin jaridu ne, an ɗinke su shekara-shekara da bango mai kauri, takardar ta yi ja tana karyewa a gefe sai ka buɗe da hannu biyu a hankali. Akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, akwai New Nigerian, har da Alfijir ta ajami da kamfanin Triumph ya riƙa fitarwa. A ciki na ga labarin buɗe asibitin garinmu da hoton hakimin lokacin, na je na ba mahaifina labari ya dinga kiran sunayen mutanen da suka halarta ɗaya bayan ɗaya. Bara na leƙa, rufin yana yoyo daidai kan kantar jaridun, wasu sun manne da juna gara ta ci wasu, kuma ba wanda ya ɗauki hotonsu aka ajiye. Raina ya ɓaci sosai ranar.

Ɗan Fagge: Innalillahi. Malam to yanzu mai neman tsohuwar jarida ina zai nufa?

Malamin Firamare: Sai Kaduna ƙanena, cibiyar binciken tarihi ta Arewa House ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke can. Amma ɗan sakandaren ƙauye wa zai ba shi kuɗin motar Kaduna?

Ummu Sadik: Mu kam a gida ba a barinmu nisa, shagon hayar littattafan Hausa na unguwa shi ne laburarenmu, ka ba yaro kuɗi ya karɓo maka na ɗaya gobe ya mayar ya karɓo na biyu. Sai da na yi aure maigidana ya kai ni zaman ƙungiyar marubuta ta Nijeriya, wato ANA, a laburaren Murtala, mutum ya tashi ya karanta labarinsa a yi masa gyara a gabansa, ya yi godiya ya zauna. Yanzu ina kai yarana sashen yara in an yi hutu.

Ɗan Fagge: Anti Maman Khadija, rajistar fa? Me zai tafi da shi?

Maman Khadija: A lokacinmu hoton fasfo ne da katin makaranta da ɗan kuɗin fom. Ka raka shi ranar farko ku tambaya a teburin shiga, kuma ya tafi da ruwansa a gora.