Ta saurare ni awa ɗaya da rabi, sannan ta haɗa ni da robobi bakwai

Maman Tagwaye:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya taimaka min.

Shekarata 44, malamar makaranta ce ni, 'ya'yana huɗu. Tun bayan rasuwar mahaifiyata bara nake fama da wata irin gajiya da na rasa kanta. In na hau bene hawa ɗaya sai na dafa bango ina haki. Da rana kaina ya yi nauyi, ga mantuwa, har sunan ɗalibar da na koyar shekara biyu ya ɓace min tana tsaye a gabana. Da dare kuma barci ba ya zuwa sai wajen ƙarfe biyu.

Na je asibiti aka ɗebi jinina, aka ce HbA1c ɗina, wato awon matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, 6.1 ne, wai ban kamu da ciwon suga ba amma ina dab da shi. Awon hawan jinina kuma 138/88. Likitan ya ce in rage ƙiba, in rage zaƙi, in dawo bayan wata uku. Ban fi minti bakwai a ɗakinsa ba, kuma ban ga laifinsa ba, don mutanen da ke jira a waje sun cika benci. Sai dai na fito ban san ta inda zan fara ba, maganar gajiyar ma ko tasowa ba ta yi ba.

Daga nan wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wata mata mai ba da shawara kan abinci da lafiyar mutum gaba ɗaya. Awa ɗaya da rabi muka yi muna magana ta bidiyo. Ta tambaye ni ƙarfe nawa nake kwanciya, me nake fara kaiwa bakina da safe, kofi nawa na shayi nake sha a wuni, wa nake gaya wa damuwata, ya aka yi Mama ta rasu. Wallahi sai da na yi kuka, don tun da aka yi rasuwar ba wanda ya zaunar da ni ya tambaye ni haka.

Bayan nan ta sa na yanko gashi daga ƙeyata na aika mata, na kuma huda yatsa na ɗiga jini a wani kati. Da sakamako ya fito sai ga abinci 19 an ja musu jan layi, wai jikina ba ya karɓarsu, ciki har da ƙwai da madara da wake da alkama da gyaɗa. Ta aiko min da robobi bakwai na ƙwayoyin ƙarin sinadarai, ta ce in fara da wanke jiki daga guba, ba cin komai sai ruwan 'ya'yan itace da romon ganye. Yau mako uku ke nan. Na rage kilo 3, amma jiri nake ji in na miƙe, gajiyar kuma ta fi da. Na gaya mata, ta ce gubar ce ke fita, in daure.

In ci gaba ko in tsaya? Raina ya kwanta da matar, shi ya sa abin yake min wuya.

Anti Mai Tsara Abinci:

Wa alaikumus salam Maman Tagwaye. Allah ya jiƙan Mama, ya ba ku haƙurin rashinta.

Aikina ke nan a asibiti, tsara wa marasa lafiya abinci, shekara 16 ina yi. 'Yar uwa, ki dakatar da wankin jikin nan yau, ki koma cin abinci. Jirin da kike ji na yunwa ne da ƙarancin ruwa da gishirin jiki. Aikin fitar da abin da jiki ba ya so na hanta ne da ƙoda, dare da rana suna yi, ruwan 'ya'yan itace ba ya ƙara musu komai. Ke da sugarki ke neman hawa ma, wuni kina shan ruwan zaƙin da aka tace ɓawo da tsakinsa ba alheri ba ne gare ki. Kilo ukun nan kuwa akasarinsa ruwa ne, da ɗan tsoka.

Gwajin yatsan da aka miki yawanci wani sinadarin garkuwar jiki yake aunawa, mai suna IgG. Jiki yana yin sa ne ga abincin da mutum ya saba ci, shi ya sa in kin duba jerin za ki ga duk abubuwan da kike ci kullum su ne suka yi ja. Ƙungiyoyin likitocin borin jini a Turai da Amurka da Kanada duk sun ce kada a dogara da shi wajen hana mutum abinci. Gwajin gashi ma haka, sabulun wanke kai da rini suna iya canja sakamakonsa. Abin da ya fi damuna shi ne an raba ki da ƙwai da wake da madara a lokacin da jikinki ya fi buƙatar abinci mai gina jiki.

Yanzu bari in yi miki tambayar da ban ga an miki ba: ya al'adarki take? Tana yawa, tana daɗewa, kina ganin gudaji? Mace mai shekara 44 da ke haki a hawa ɗaya na bene, ƙarancin jini nake fara zargi. Ki koma wurin likita ki ce gajiya ce ta kawo ki, ki roƙa a duba yawan jininki da feritin, wato ma'ajiyar sinadarin ayan (ƙarfe) a jiki, a haɗa da gwajin tairod, wata gaɓa da ke gaban wuya, da na bitamin B12. Macen da ba ta da ciki, in himoglobin ɗinta, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, ya gaza 12 to tana da ƙarancin jini. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: ƙarancin ayan yana iya ɗaga sakamakon HbA1c sama da yadda yake a gaskiya.

Game da sugan, daga 5.7 zuwa 6.4 shi ne matakin gargaɗi, 6.5 zuwa sama ciwon ne. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 masu irin matsayinki, aka fitar a 2002, ya nuna waɗanda aka taimaka wa suka nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, suna motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba maganin suga na metformin nasu ya ragu da kashi 31. Ba a hana su abinci 19 ba. In nauyinki kilo 80 ne, kashi 7 ɗin nan bai kai kilo 6 ba, kuma cikin watanni ake so, a hankali. Ki raba farantinki: rabi ganye da kayan lambu, kwata nama ko kifi ko wake ko ƙwai, kwata hatsi. Ki fara sallamar lemon kwalba, don gwangwani ɗaya mai mililita 330 kan ɗauki suga kusan giram 35.

Baba Mai Ritaya:

'Yata, ki ji maganar Anti. Ni na taɓa faɗawa irin wannan. Shekara biyar da suka wuce wani ya ce min in na bi tsarin abincinsa zan rabu da maganin hawan jini har abada, ni kuma na gaji da haɗiyar ƙwaya kowace safiya, sai na ajiye ban gaya wa kowa ba. Wata biyu ina jin garau. Rannan ina ɗaura igiyar takalmi sai hannuna na hagu ya ƙi, bakina ya ɗan karkace. Allah ya sa jikana yana kusa. A asibiti jinina 190 ya kai. Na kwana shida a gado, na tashi da sauƙi, amma har yau yatsuna biyu ba su dawo daidai ba.

Abin mamaki, bayan nan abinci ya taimake ni ƙwarai, amma tare da magani. An nuna min gishirin da ya kamata babba ya ci a wuni bai kai giram 5 ba, kamar cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a burodi da kayan gwangwani da dunƙulen miya. Na rage, ina tafiyar minti 30 kullum da safe. Bayan shekara likita da kansa ya cire min ƙwaya ɗaya cikin biyu. Naki jinin bai yi nisa ba tukuna, ki riƙa aunawa kina rubutawa a littafi ki kai masa.

Ummu Abdallah:

Ni dai ina roƙon kada a haɗa kowa a zuba a kwando ɗaya. Na zauna da irin waɗannan masu ba da shawara wata shida, kuma na amfana. Tawa ba ta taɓa sayar min da ko ƙwaya ɗaya ba. Littafi ta sa na buɗe, in rubuta abin da na ci, da lokacin, da halin da zuciyata ke ciki. Mako biyu kacal muka gano ba yunwa ke kai ni kicin ƙarfe sha ɗaya na dare ba, kaɗaici ne bayan yara sun kwanta. Da ta ga ƙafata tana kumbura kuwa, cewa ta yi wannan ya fi ƙarfinta, in tafi asibiti a ranar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 1948 ta ɗauki lafiya a matsayin walwalar jiki da ta ƙwaƙwalwa da ta zamantakewa, ba rashin ciwo kaɗai ba. Don haka tambayoyin da matar nan ta miki kan barci da rashin Mama suna kan hanya, Yaya. Mai barcin awa huɗu tana tashi da kwaɗayin zaƙi, wannan na gani a jikina. Inda na rabu da ita shi ne da kika ce kina jiri ta ce ki daure.

Mai Harhaɗa Magunguna:

Hajiya, ki zuba robobin nan bakwai a leda ki tafi da su duk inda za a duba ki. Mutane suna ɗauka tunda ba magani aka kira su ba, ba sai an faɗa ba. A Amurka, inda da yawansu ke fitowa, dokar 1994 ta ba kamfani damar sa su a kasuwa ba tare da ya fara tabbatar wa hukumar magunguna cewa suna aiki ba.

Ki karanta bayan kowace roba. In akwai bayotin mai yawa, wanda ake sha don gashi da farce, ki gaya wa mai gwaji, domin yana rikita sakamakon tairod. Bitamin A da D ba sa fita da fitsari kamar bitamin C, taruwa suke yi a jiki, kuma sau da yawa za ki tarar da abu ɗaya a roba uku kina sha sau uku ba ki sani ba. Kalsiyam kuma yana rage shigar ayan cikin jiki in an haɗa su lokaci guda. Sannan kada ki sayi maganin ƙarin jini da kanki kafin gwaji ya nuna kina buƙata.

Maman Tagwaye:

Na dawo in ba ku labari, Allah ya saka wa kowa da alheri. Anti, kamar kina ganina. Himoglobin ɗina 9.8, feritin 7, tairod lafiya lau. Al'adata kusan shekara biyu ke nan tana kai kwana tara, ni na ɗauka girma ne ya kawo, ban taɓa gaya wa kowa ba. Likitan ya rubuta min ƙwayar ayan, ya tura ni wurin likitar mata a duba dalilin zubar. Wannan karon na rubuta damuwata a takarda kafin in shiga, gajiya a layin farko, ya kuwa tsaya ya karanta har ƙarshe. Robobin ya duba ɗaya bayan ɗaya ya ce in ajiye su duka, uku daga ciki duk akwai bitamin A.

Na koma cin ƙwai da wake, ba abin da ya same ni. Na kira matar na gaya mata sakamakon. Ta yi shiru, sannan ta ce ba ta yi tunanin tambayata kan al'ada ba, ta ba ni haƙuri. Na ce mata na daina tsarin. Amma abu biyu da ta koya min na riƙe: wayata tana kwana a falo, kuma duk yamma ina kiran ƙanwata mu yi hirar Mama. Jiya ƙarfe goma sha ɗaya barci ya ɗauke ni.

Saura tambaya ɗaya. Kwana biyar da fara ƙwayar, bayan gidana ya koma baƙi, cikina kuma ya ɗaure. In tsaya ne?

Anti Mai Tsara Abinci:

Alhamdu lillahi da aka gano. Kada ki tsaya, baƙin nan ƙwayar ce ke kawo shi. Amma in kin ga ya yi danƙo kamar kwalta da wari mai tsanani, ko kin ga jini, ko ciki ya murɗa sosai, ki tafi asibiti a ranar. Ɗaurewar cikin kuma ki ƙara ruwa da ganye da 'ya'yan itace ɗanye, in ta matsa ki gaya wa likita, wani lokacin sukan mayar da shan ƙwayar kwana ɗaya a tsallake ɗaya.

Ki haɗiye ta da ruwa, ki bi da lemun zaƙi, bitamin C ɗinsa yana taimaka wa ayan shiga jiki. Shayi da gahawa da madara ki ba su tazarar awa biyu da ita, shayin nan naki ma ki daina shansa a kan abinci. Ko jinin ya dawo daidai yawanci ana ci gaba wajen wata uku don ma'ajiyar ta cika, sannan a sake auna miki HbA1c ɗin. Ki ɗora robar a sama inda hannun tagwaye ba zai kai ba, ƙwayar ayan tana da haɗari ƙwarai ga ƙaramin yaro in ya haɗiya da yawa. Kada kuma ki fasa zuwa wurin likitar matan.