Ina zabin daji da fakara suka shiga a gonakin Daura?

Maharbi, Zango:
Jama'a, a daina ɗora wa bindiga laifi ita kaɗai. Zabuwar daji a ƙasa take yin ƙwai, cikin gamba ko gindin sabara, kuma da damina ne. Kwancinta kwana 26 zuwa 28, daidai lokacin feshin ciyawa ke nan. Maganin ciyawa Paraquat kwana biyu ko uku ya ishe shi ya ƙone ganye. Da sheƙa ta fito fili, hankaka da tunku sun samu kalaci.

Manomi, Mai'adua:
Haka yake, Baba. Da can da gamba ake shata iyakar gona. Yanzu rabon gado ya matse gonaki, ana nomewa har bakin burtali, da rani kuma a bi sabara da kalgo a sassabe a cinna wuta. Wanda ya bar taku biyu na gamba a gefe bai yi asara ba, ga zana, ga tare iska.

Malamin gona, Sandamu:
Malamai, ko sheƙa ta tsira akwai sauran aiki. 'Yan tsaki a makonnin farko ba hatsi suke ci ba, gara ce da fara da tsutsa. Feshin wake da maganin ƙwari cypermethrin ko Karate duk bayan kwana goma yana share ƙwarin nan har na bakin gona, musamman in an yi shi cikin iska. Wasu ma da gwangwanin tumatir suke auna magani a famfon goyo mai lita 16, wai don ya yi ƙarfi. A bi awon da ke jikin kwalba, a yi feshi da yamma in iska ta kwanta, a tsaya kafin a kai iyaka. Sai irin shuka da aka gauraya da magani, wannan mai ja. In ya zube a wurin ɗura ko ramin bai rufu ba, kurciya da fakara ne farkon tsinta. A binne shi.

Mai lambu, Daberam:
Malam, ka manta da ruwa. Kududdufin da ake wanke famfo a ciki, nan suke sha da safe. Akwai kuma masu barbaɗa maganin ƙwari Furadan a kan ƙwayar dawa a bakin ruwa don kama tsuntsu, shi ya sa in ka ga fakara a kasuwa ba alamar harbi ba ta tarko, kada ka saya.