Tsohon bututun iyakwandishan a silin gidanmu na Garki: a yi masa feshi ko a toshe shi?

Uwar 'Yan Biyu

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku ba ni shawara kafin in zubar da kuɗina a banza.

Gidan da muke ciki a Garki irin gidajen gwamnatin nan ne na da, waɗanda aka gina tun kafin a dawo da babban birni daga Legas a 1991. Marigayi Baba ya zauna a ciki yana ma'aikaci, da aka zo sayar wa ma'aikata gidaje lokacin da El-Rufa'i yake ministan Abuja, Allah ya sa ya samu ya saya. Bara na tattaro 'yan biyuna muka dawo don in zauna da Hajiya, saboda ciwon ƙafa ya matsa mata.

Asali da iyakwandishan na gama-gari aka yi gidan, wato inji ɗaya a baya, bututu ya bi ta cikin silin yana raba sanyi ɗaki-ɗaki. Ina aji biyu a sakandare injin ya mutu. Baba ya sa na taga, daga baya aka koma na bango, shi kuwa bututun ba wanda ya ƙara bi ta kansa. Bakunansa suna nan a silin har yau, faranti ne fari mai tsaga-tsaga, kowane ɗaki ɗaya, falo biyu.

Tun da hunturu ya kankama a Disamba, Hassan ɗina ba ya barcin kirki. Dama yana da asma, amma a gidan da muka baro sai ya yi wata uku bai taɓa abin shaƙarsa ba. Yanzu kusan kullum ƙarfe ɗaya ko biyu na dare sai na ji ƙirjinsa yana fito. Rannan da safe na lura da wani baƙin gari a kan farin zanin gadonsu, daidai ƙarƙashin farantin, kamar an barbaɗa masoro. Na hau kujera na shinshina, wari ne irin na tsumman da aka manta a bokiti. Ga kuma motsi a silin da dare. Hajiya ta ce ƙadangaru ne. Ni dai ban taɓa jin ƙadangaren da ke tsere da tsakar dare ba.

Wata maƙwabciya ta turo mini wani mutum, ya zo da inji irin na feshin gona da wata jarka. Ya ce zai fesa magani ta kowane baki, hayaƙin ya bi bututun ya kashe duk ƙwayoyin cuta, mu kwana ɗaya a waje, naira dubu 150. Na tambaye shi sunan maganin, ya ce "na waje ne, Hajiya." Ko tsani bai nema ba, balle ya leƙa silin. Abin da ya sa na tsaya ke nan.

Ita Hajiya nata maganin shi ne a ƙara turaren wuta safe da yamma, a kuma yayyafa fiya-fiya ta tsagar farantin. To jama'a, in bari a yi feshin? Ko akwai abin da ya kamata in fara yi?

Mai Gyaran Sanyi

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Kada ki biya tukuna. Shekara 19 ina wannan aikin, kuma na shiga silin irin gidajen nan na Garki da Wuse ba sau ɗaya ba.

Wanda bai leƙa ba bai san abin da zai fesa wa magani ba. Bututun nan iri biyu ne. Akwai na farin ƙarfe zalla, cikinsa sumul, an naɗe shi da auduga ta waje. Akwai kuma wanda aka shimfiɗa wa audugar gilashi ta ciki, wata ruwan ɗorawa mai baƙar fuska, don ta riƙe sanyi ta rage ƙara. Na ƙarfe zalla yana goguwa. Mai auduga a ciki, in ya taɓa jiƙewa har ya yi funfuna, ba maganin da zai raba shi da ita, sai dai a cire a yar. In aka fesa masa ruwan magani ma, an ƙara jiƙa shi ne kawai. Baƙin garin da kika gani a gado zai iya zama fuskar audugar ce ta tsufa take marmashewa, zai iya zama funfuna, zai iya zama kashin ɓera da ya bushe. Daga ƙasa ba mai iya bambancewa.

A Amurka ma, inda yawancin gidaje da bututun suke aiki, hukumar kare muhallinsu ba ta ce a riƙa wanke shi haka siddan ba. Ta ce a taɓa shi in an ga funfuna da ido, ko ɓeraye da ƙwari sun shiga, ko ƙura ta cika shi har tana zubowa ɗaki. Kuma ta yi gargaɗi game da fesa magani a ciki, musamman mai audugar nan.

Naki ma ya fi sauƙi, don bututun ya mutu, ba iskar da kike buƙata daga gare shi. Yanzu hanya ce kawai tsakanin cikin silin da hancin yaranki. Za ki ce ai ba injin da ke hura shi. Iskar hunturu in ta bugi gida tana shiga ta ƙarƙashin kwano da tsohon bakin da ke waje, ta bi bututun ta sauko ɗakin da aka kulle. Fankar silin ma tana kaɗo abin da ya taru a bakin farantin.

Ga abin da zan yi da gidana ne. A kwance faranti ɗaya, a sa waya da tocila a ɗauki hoton ciki. A zaga baya a nemo inda injin ya zauna, a ga ko bakin a buɗe yake. A hau silin a duba kwano, don warin da kika faɗa warin danshi ne, kuma rabonmu da ruwan sama tun Oktoba. In har yanzu yana wari, ko dai kwano ya sha yoyo da damina ya jiƙa auduga, ko tankin ruwa ko famfo na ɗiga a sama. Funfuna kwana ɗaya zuwa biyu take buƙata ta kama abin da ya jiƙe, kuma muddin ruwan na zuwa za ta dawo ko an wanke. In an gama, a toshe kowane baki da falankin ƙarfe ko katako, a bi gefen da silikon. Kayan duk akwai a kasuwar Dei-Dei, kuma ba za su kai rabin kuɗin da mutumin ya faɗa ba.

Sannan yaushe rabon da a wanke ragar iyakwandishan na bangon da ke ɗakin yaran? Da hunturu duk sati biyu ya kamata. Mutane da yawa suna zaton na bango yana kawo iska daga waje. Ba ya kawowa, iskar ɗakin yake juyawa yana sanyaya ta.

Dattijon Kubwa

'Yata, Allah ya ji ƙan mahaifinki. Mu ne 'yan farkon da aka kwaso daga Legas, na zauna a irin gidan nan shekara 14 kafin in yi ritaya.

Abu ɗaya zan ƙara a kan maganar mai gyara. Kafin kowa ya hau, a duba irin silin. Yawancin gidajen wancan zamani allon asbesto ne, fari mai faɗi, da 'yan katakai a mahaɗa. In yana zaune lafiya da fentinsa ba ya cutar da kowa. Amma in aka fasa shi ko aka yanka da zarto ko aka huda, ƙurarsa na zama a huhu, kuma cutar sai bayan shekaru masu yawa take fitowa. Kada ki bar yaran gyara su faɗaɗa rami da guduma don su ji daɗin shiga. In dole sai an cire wani allo, a jiƙa shi, a zare shi ɗungurungum, yara ba sa gida.

Kuma in tambaye ki, tagogin luba na asali, masu gilashi falle-falle, suna nan? Don mu da kanmu muka ɓata gidajen nan. Luba in ka buɗe, taga gaba ɗaya ta buɗe. Muka cire muka sa na alminiyom mai zugewa, wanda rabi kawai yake buɗewa, muka toshe ramukan shan iska na saman bango saboda sauro, muka ƙara labule mai nauyi. Sai a kunna turare a ciki a ce gida na ƙamshi.

Ɗan Nyanya

Ni fa an yi mini feshin nan a ofis, kuma wari ya tafi. Ku daina hana mutane neman abincinsu.

Mai Gyaran Sanyi

Malam, ba mu hana kowa cin abinci ba. Ka dawo bayan damina ka gaya mana ko warin bai dawo ba. Kuma ofis ba a kwana a ciki da yaro mai asma.

Nas Mai Aikin Dare

'Yar'uwa, motsin nan na silin ya fi tsaya mini a rai fiye da funfunar. In ɓeraye ne, a yi hattara wurin kwashe kashinsu, don yanzu lokacin zazzaɓin Lassa ne, da rani ya fi yawa, kuma ta fitsari da kashin ɓera ake ɗauka. Kada a share shi a bushe da tsintsiya, ƙurar ce ke tashi a shaƙa. A buɗe wurin ya sha iska kamar rabin awa, a haɗa bilic kofi ɗaya da ruwa kofi tara, a jiƙa kashin sosai a bar shi minti biyar, sannan a kwashe da safar hannu da takunkumi a ƙulle a leda. Kada a haɗa bilic ɗin da wani maganin wanke banɗaki don wai ya ƙara ƙarfi, iskar da ke fitowa tana ƙona huhu.

Fiya-fiya kam don Allah a lallaɓa Hajiya ta haƙura. Maganin ƙwarin gona ne, ba na ɗakin kwana ba, kuma in aka zuba ta tsagar farantin, kan gadon yaran zai riƙa saukowa. Turaren wuta na san ba za ta bari ba, iyayenmu ne. A roƙe ta a riƙa yi a ɗakinta da taga a buɗe, kaskon kada ya shiga ɗakin Hassan. Haka maganin sauro na hayaƙi, a koma gidan sauro. Janareta kuma ya yi nisa da taga, musamman tunda akwai tsohon bakin bututu a baya, kada ya zama shi ke zuƙo hayaƙin zuwa ɗakuna.

Daga yau ki mayar da shi wani ɗaki, ko ki manna leda mai kauri a kan farantin da salatif kafin mai gyara ya zo. A riƙa goge ƙasa da ɗanyen tsumma maimakon shara. Kuma yaron da ke shaƙar maganin gaggawa kusan kullum da dare, asmarsa ba ta kwanta ba, ki kai shi likita ya sake duba magungunansa, kada ki jira gyaran silin. Hazon hunturu shi kaɗai ma yana tayar da ita.

Uwar 'Yan Biyu

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na dawo in ba ku labari.

A daren na manna leda kamar yadda Nas ta ce. Da safe ledar ta kumbura ta yi ciki kamar an hura balan-balan, ashe da gaske iska ke saukowa. Ranar Asabar na samo wani mai gyara da ƙanena suka kwance farantin ɗakin yaran. Ni na riƙe tsani. Abin da ya fara faɗowa ledar taliyar yara ce a tattaune, sai ƙwallon dabino, sai guntun kwalin sabulu. Hoton da suka ɗauka ya nuna audugar nan ruwan ɗorawa da Mai Gyaran Sanyi ya faɗa, an yayyage ta an yi sheƙa, kashin ɓera kamar an watsa baƙar shinkafa. Na kai wa Hajiya wayar, ta daɗe tana kallo, ta ce to ƙadangarun Abuja sun waye.

A baya kuwa, inda injin ya zauna, an rufe bakin da wani katako tun zamanin Baba, gara ta cinye shi saura firam. Janaretanmu taku uku ne daga wurin. Da na ga haka sai da na zauna. Ruwan kuma ba kwano ba ne, bututun da ke sauko da ruwa daga tanki ne yake ɗiga a wata mahaɗa, daidai kan reshen da ya nufi ɗakin yaran. Wannan reshen suka cire gaba ɗaya, kamar taku takwas, sauran suka toshe baki da baki da farin ƙarfe. Baba na Kubwa, silin ɗin irin wanda ka faɗa ne, ta ƙofar silin ta baranda suka shiga, ba a fasa ko allo ɗaya ba. Tagogin kuma gaskiyarka, ɗakin girki kaɗai ya rage da luba.

Duka da kaya da kuɗin aiki da mai gyaran famfo naira dubu 68 na kashe. An matsar da janareta can jikin katanga. Likita ya ƙara wa Hassan wani abin shaƙa na safe da dare, don haka ba zan iya rantsewa wanne ne ya yi aikin ba, amma kwana biyar ke nan bai tashe ni ba. Turare an yi sulhu, a ɗakinta kawai, bayan yara sun tafi makaranta.

Saura ɓerayen. An toshe musu hanya amma jiya na ji ɗaya a saman falo. Ina tsoron sa guba kada ya mutu a inda hannu ba ya kaiwa. Mai Gyaran Sanyi, tarko kuke sawa a silin, ko yaya kuke yi?