Lamba Tara a Kan Benci: Musayar Waƙa Kan Endrick, Farkon Kakar 2025/26

Koci Mai Usur:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Batun yau Endrick ne, ɗan ƙwallon Brazil mai buga gaba, haihuwar 2006. Real Madrid ta gama cinikinsa da Palmeiras tun Disamba 2022, ta jira ya cika shekara 18 saboda dokar FIFA, ya iso Yuli 2024. A kakar 2025/26 aka ba shi riga mai lamba 9, amma Xabi Alonso, kocin Madrid na lokacin, bai cika sa shi ba. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "ga".

Da sunan Allah nake farawa,
Batun yaron nan nake tonawa,
Madrid ta saye shi tana ta rawa,
Ashe benci aka ce ya shiga.

Palmeiras ce ta yi rainonsa,
Gasar Brazil biyu na hannunsa,
A Wembley Ingila ta san sunansa,
Yana sha bakwai ya girgiza raga.

Kakar farko 7 ya ci, ga lissafin:
5 a Copa da ya sam filin,
La Liga 1, Turai 1, ga dalilin:
Minti kaɗan ake ba shi ya buga.

Wuƙa da wasa take yin kaifi,
Ɗan gaba da wasa yake yin ƙarfi,
Ka ajiye su tsatsa ta yi zurfi,
Ran buƙata su kasa tsaga.

Ɗan Farar Riga:
Baba Koci, ka yi min haƙuri,
Madrid gidan kofi ne da buri,
Mbappé na ci, wa zai bar masa wuri?
A cire sarki don yaro ya shiga?

Daren Stuttgart ai kun gani,
Hagu ya saki daga nesa, gwani,
Tarihin Raúl ya koma na wani,
Ɗan sha takwas ne ya zo ya yaga.

Koci Mai Usur:
Ɗana, ƙwallon da kake yabawa,
Can ne aibin yake ɓoyewa,
Mbappé da Vini suna buɗewa,
Bai ba kowa ba, kawai ya buga.

Dokar farmaki in kun fi yawa:
Ka ja ɗan baya ya zo tarewa,
Sai ka sake ta ga mai shigowa,
Shi da gola, ya zaɓi gefen raga.

A Getafe shi da gola kusa-kusa,
Ya so ya lauya ta ta bi ta bisa,
Ana yin haka in gola ya kai ƙasa,
In yana tsaye, gefen turke ake buga.

Kuma tunda ka ambaci Raúl, tsohon ɗan gaban Madrid: a 1994 koci Valdano ya ajiye tauraronsu Butragueño ya sa Raúl yana ɗan shekara 17. A gidanku aka cire sarki don yaro, ba a wani gida ba.

Ɗan La Masia:
Ku ga kuɗi, ku sayo yara,
Ku ɗaura musu riga mai lamba tara,
Mu Barcelona, Lamine a gida muka gyara,
Ɗan sha bakwai ya ɗau Turai ya ɗaga.

Ɗan Farar Riga:
Mai gyaran yara, ina Ansu Fati?
Gwiwa ta tsage, sai zaryar asibiti,
Goman Messi kuka ciro a akwati,
Kuka ɗora wa mai ɗingishi riga.

Bojan ma kun ce sabon Messi ne,
Damuwa ta kama shi, sananne ne,
Euro 2008 bai je ba, haka ne,
Ku ne malaman kashe yaro da zuga.

Kuma Lamine ɗan gefe ne. Mu maganar ɗan gaba muke, wanda ke tsaye tsakanin ƙatti biyu.

Na Damagaram:
Kai jama'a! Fati, asibiti, akwati! Wallahi wannan baiti ya fi duk abin da aka rubuta yau. Allah Ya ƙara basira, ɗan'uwa. Baba Koci kuwa da gaɓa 10 ya fara, "Da sunan Allah nake farawa", amma "In yana tsaye, gefen turke ake buga" gaɓa 13 ne. Na ƙirga da yatsa.

Bakano Mai Shayi:
Na Damagaram, kai ko tari ɗan Madrid ya yi sai ka ce waƙa ce. Baitin wuƙa da wasa fa? Kalma ɗaya ma'ana biyu, ba ka gan shi ba?

Malam Aruli:
Ku dakata. Na Damagaram, ba a auna rubutacciyar waƙa da ƙirga kawunan gaɓa kamar awaki a kasuwa. Nauyi ake dubawa. "Kai" da "ban" masu nauyi ne, "da" da "ta" marasa nauyi, kuma marasa nauyi biyu kan tsaya a gurbin mai nauyi ɗaya. Duk da haka ɗangon Koci ya zarce, ban wanke shi ba. Sannan "lissafin" da "filin" ba su haɗu ba, ɗaya "fin" ɗaya "lin". Amma babban laifi na gwaninka ne:

Baiti da ƙwallo duk da ma'auni,
Ɗango in ya zarce ya yi rauni,
"Ne" sau uku ba ya zama launi,
Satar gida ce, tuta na ɗaga.

Ɗan Farar Riga:
Malam Aruli, alƙalin gefe,
Tutarka na sama tun da safe,
Makaɗa ba sa awo da ƙarfe,
Kunne ke hukunci, shi da ganga.

Malam Aruli:
Waƙar baka daban, rubutacciya daban, ɗana. Makaɗi yana da kalangu da 'yan amshi su rufa masa asiri, ya ja wasali ya cike gurbi. Kai a nan ba ka da kowa sai harafi. Amma "gefe, safe, ƙarfe" ya zauna daram, wannan na karɓa.

Na Damagaram:
To Malam, in nauyi ake bi, wane kari Baba Koci ya hau? Mutadarik ne ko Mutaƙarab? A faɗa mana.

Malam Aruli:
Bai tsaya kan ko ɗaya ba. Baitin farko ya kama hanya, na biyu ya sauka daga kanta.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Yayyena, tun jiya ake awon baiti an manta da yaro.

Kun bar jaki kuna dukan taiki,
Mayu, a Sevilla ya ji a jiki,
Tsokar bayan cinya ta bar aiki,
Gonzalo ya sami ƙofa ya shiga.

Abin da kan tsinka ta, ga dalili:
Makonni yaro bai taka fili,
Tsoka ta manta gudun asali,
Rana ɗaya a ce tashi ka ruga.

Wanda bai buga ba, da an tashi,
Gudun da ya rasa ya zama bashi,
Mita 40 sau 6 a ba shi,
Cikakken gudu, ba na burga.

Sai ya durƙusa ya kafa gwiwa,
Wani a idon sawu yana riƙewa,
Ya tafi gaba a hankali, ba faɗuwa,
Sau 5, zubi 2, sannan a ɗaga.

Na ƙarshen nan shi ake kira Nordic. Ƙugu a miƙe, kada ya lanƙwasa, in ya kasa riƙewa ya tare ƙasa da tafin hannu. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, kuma ba a jajibirin wasa ba, don yana barin tsami a cinya kwana biyu. Raunin nan ne ya hana Endrick gasar ƙungiyoyin duniya a Amurka, inda Gonzalo García ya ci 4 ya zama gwarzon masu zura ƙwallo. Michael Owen ma tsokar nan ce ta tsinke masa a filin Leeds a 1999 yana ɗan 19, kuma ta yi ta dawo masa. Ɗan gaba mai dogaro da gudu, bayan cinyarsa ne jarinsa.

Koci Mai Usur:
Madalla ƙanwata, kin dawo da mu hanya. Ga abin da za a koya masa a filin atisaye, don harbi ya riga ya iya.

Kafin ƙwallo ta zo, ka waiwaya,
Sau biyu, ka san ina ɗan baya,
Ka tsaya a ƙeyarsa, ba ya iya
Ya kalli ƙwallo kuma kai ya hanga.

Gudu a miƙe ne ke satar gida,
Ka bi layi a gicciye kamar gada,
Jira mai ba ka ya ɗaga kai, kada
Ka riga ƙafarsa, sannan ka ruga.

In ƙwallo za ta taso daga gefe,
Nuna turken nesa kake tafe,
Ka karyo na kusa kafin a rufe,
Taɓi ɗaya, kada ka tsaya burga.

Gajere ne, a bar jefa masa ta sama,
A ba shi a ƙasa, ya sa baya ya kama,
Ya mayar wa ɗan tsakiya, ya juya dama,
Ɗaya-biyu, sai ga shi gaban raga.

Hagunsa guduma, kowa ya sani,
'Yan baya sun karance ta tuni,
Dama 20 kullum ne magani,
10 a tsaye, 10 in ya ruga.

Tsayinsa mita 1.73. Agüero da Romário ba su fi shi tsayi ba, da taku biyar na farko suka ci abinci, da sanin inda ƙwallo za ta faɗo.

Anti Mai Gashin Ƙashi:
Baba Koci, duk na yarda sai "kullum". Harbi mai ƙarfi tsokar gaban cinya yake ci, musamman a ƙafar da ba ta saba ba. Kwana uku a mako, kuma banda washegarin wasa. Sauran kwanaki ya riƙa sanya ta da cikin ƙafa a hankali, daga mita 11.

Bakano Mai Shayi:
A ba da shi aro, ni ra'ayina,
Osimhen ne hujja a wajena,
Wolfsburg ko ɗaya bai ci ba, ɗan'uwana,
Charleroi 20 ya zuba a raga.

Yaron da ya ci 10 a gasar 'yan ƙasa da 17 a 2015, Jamus ta kusa binne shi. Beljiyam ce ta tashe shi a 2018, sai Lille, sai Napoli, har ya ci 26 suka ɗau kofin gasar Serie A ta Italiya a 2023. Iheanacho ma zaman bayan Agüero a Manchester City ne ya kore shi Leicester a 2017.

Ɗan Farar Riga:
Aro? Reinier ma an ba da shi,
Dortmund shekara 2 ta riƙe shi,
Benci can ma ya gaji da shi,
Ya dawo ko takalmi bai yaga.

Malam Aruli:
"Bai yaga" ina "ba" ɗinsa? Ka yanke wa jimla wutsiya don ta shiga amsa-amo. Ɗazu "ne" uku, yanzu "shi" uku.

Na Damagaram:
Malam, Anti ma "ba shi" ta sa bayan "bashi", ba ka ce komai ba. Son kai ne.

Malam Aruli:
Ita "tashi, bashi, ba shi" ta yi. Bashi da ba shi, sauti ɗaya ma'ana biyu, ado ne wannan. Naka gwanin kalma ɗaya ya maimaita sau uku.

Koci Mai Usur:
Mai Shayi da ɗana duk kuna da gaskiya, don aro iri biyu ne.

Aro da sharaɗi, ku zo ku duba:
Koci ya nema da kansa, ba shugaba,
Gurbin tara babu wani babba,
A tsakiya, ba a gefe, zai buga.

Kada a kai shi ga masu gudun faɗuwa,
Goma a baya suna ta tarewa,
Shi kaɗai a gaba yana kewayawa,
A wayi gari shi ake zarga.

Ancelotti da ya ba shi benci,
Yau a Brazil shi ne koci,
Kofin Duniya 2026, ga lokaci,
Wanda bai buga ba, jirgi ba ya shiga.

Reinier ya je ƙungiyar da ke cike da irinsa, shi ya sa. In za a ba da Endrick, a rubuta a yarjejeniya cewa Madrid na iya dawo da shi in ba a sa shi, likitocin ɓangarorin biyu kuma su riƙa musayar bayanin cinyar nan duk mako.

Ɗan La Masia:
Sai yau na ga abin da aka ce kan Ansu. Ba zan bar shi ya wuce ba.

Ansu rauni ne, ƙaddara ce,
Mun ba shi fili, mun amince,
Naku ya warke yana nan kwance,
Lamba tara, ba gumi a riga.

Bakano Mai Shayi:
"Ba gumi a riga"! Na Damagaram, fito ka yaba in kana da adalci.

Ɗan Farar Riga:
Vitor Roque fa? Kana mantawa?
Janairun 2024 kuka yi rawa,
Ƙwallo 2, Xavi na ƙyalewa,
Betis, sai Palmeiras ya ruga.

Malam Aruli:
Amsa-amon ya yi, kuma maganar gaskiya ce, yaron nan ma an cuce shi. Amma ku daina ɓoye gaɓa a bayan lamba. "2024" a baki "dubu biyu da ashirin da huɗu" ne, gaɓa 11 shi kaɗai, tsawon ɗango guda. Baba Koci, "2026" ɗinka ma haka. Ku rera su da murya ku ji inda numfashi zai yanke, sannan ku gyara ku dawo da su.