Wa ya taɓa yi wa mota mai turbo da giyar otomatik tiyunin (sauya saitin kwamfutar inji don ƙara ƙarfi) a nan Kaduna?

Mai GTI, Barnawa

Salamu alaikum jama'a. Ina da Golf GTI Mk7 'yar Amurka, injin 2.0 mai turbo, giyabos ɗinta DSG, wato otomatik mai kuloci biyu, mai giya shida. Wani yaro mai kwamfuta ya ce zai saka mata Stage 1, wato matakin farko na tiyunin, ta soket ɗin nan na OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, ko noti ɗaya ba za a kwance ba, kuma ƙarfin dokinta zai tashi daga 210 zuwa kusa da 300. Wallahi abin ya shiga raina. Bidiyon Turawa kam na kalla har na gaji, amma su ba fetur ɗinmu suke sha ba. Wanda ya yi da tasa motar a garin nan nake son ji daga bakinsa, musamman yadda giya ta ɗauki abin.

Mai farar 335i, Malali

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa zauna ka ji nawa, don ni da hannuna na yi wa kaina. Tawa BMW ce mai injin N54, wanda ke da turbo biyu. Manhajar waya na saya da 'yar igiyar OBD, na zauna a ƙofar gida bayan la'asar na loda wa kwamfutar motar fayil ɗin tiyunin. Da aka zo wajen zaɓen fetur sai na ga 91 da 93, wato lambar octane mai nuna yadda fetur ke jure matsi bai fashe da wuri ba. Na ce ai fetur ɗin Najeriya 91 ne, na danna 91 hankalina kwance.

Ashe lissafin ba ɗaya ba ne. Namu 91 ɗin ma'aunin RON ne, su kuwa Amurkawa da AKI suke rubutawa a famfo. Abin da suke kira 91 ya kai kusan 95 a ma'auninmu, 93 ɗinsu kuma wajen 98. Fetur ɗinmu, idan ma ya cika yadda aka ce, daidai yake da 87 ɗinsu, wato mafi araha a gidan mansu. Ka ga na ɗora wa inji abincin da babu shi a ƙasar.

Sati biyu ina jin daɗi, ƙarya ne in ce ban ji ba. Ranar nan ina hanyar Zariya, na wuce Jaji kaɗan, na fito zan wuce tirela biyu a jere. Na nitsa totur, mota ta zabura, ina daidai tsakiyar tirela ta biyu sai ta yi wata shaƙuwa, fitilar inji ta kawo, ƙarfi ya zube kamar an zare mata laka. Allah ne ya sa babu mota a bayana. Da muka duba bayanan da wayar ta naɗa, sai ga shi kwamfutar motar ta daɗe tana ja da lokacin tartsatsin fulogi baya a silinda uku, saboda fetur yana fashewa tun kafin lokacinsa. Kunne ba ya jin wannan ƙwanƙwasar in gilashi na rufe AC na aiki, na'urar jikin inji ce kaɗai ke ji. Na canza fulogi shida da kwayil biyu, na mayar da ita fayil ɗin kamfani. Injin ya tsira, amma tun ranar ban ƙara wuce tirela biyu a jere ba.

Bakanike, Panteka

Yallabai mai GTI, ka fara da tambayar wace DSG ce, domin ba iri ɗaya ba ne. Taka DQ250 ce, kulocinta biyu a cikin mai suke wanka, tana da juriya. Akwai ƙanwarta DQ200 mai giya bakwai da busasshen kuloci, wadda aka yi don ƙarfin juyi 250 Nm (ma'aunin ƙarfin juyin inji ke nan). Ita wannan ko da kuɗi ba na yarda a ƙara mata.

Motarka tun daga kamfani 350 Nm take bayarwa. Stage 1 zai haura da ita 400 da wani abu. Giya kuma tana da tata ƙwaƙwalwar daban da ta inji, kuma ita ba ta san an yi wani canji ba. Ko dai ta riƙa cewa inji ya rage, ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka samu ba, ko kuloci ya riƙa sulɓewa a giya ta huɗu da ta biyar yana cin kansa. Shi ya sa masu abin da gaske, irin su kamfanonin APR da Unitronic, suke sayar da fayil na inji da na giya, na giyar ya ƙara matsin da ke damƙe kuloci. Tambayi yaronka ko yana da na giya. In ya ce ba a buƙata, ɗauki makullinka.

Sannan yaushe rabon a canza man giyar da filtarsa? Duk kilomita 60,000 ake yi. Yawancin waɗanda ake kawo min daga Kwatano babu wanda ya taɓa buɗe su.

Maman 'yan biyu, Unguwan Rimi

Ni ban san sunayen nan da kuke kira ba, amma na san abin da ya same ni. Accord 2018 gare ni, mai ƙaramin injin nan 1.5. Ƙanin maigidana ya ara zai je ɗaurin aure, ya dawo yana ce min, Anti na yi miki gyara, za ki gode min. Na gode masa kuwa, don ko hawan gadar Kawo sai ka ji kamar ana tura ta. Bayan wata huɗu, kullum na ɗauko yara daga makaranta muka shiga cunkoson Ahmadu Bello Way, sai in ji ta tana gurnani, allurar inji ta hau sama, mota kuma tana tafiyar hawainiya. Mai gyara ya ce giyar CVT ce, babu haƙora a ciki, bel ne na ƙarfe tsakanin fule biyu, kuma ƙarfin da aka ƙara ya sa bel ɗin ya karce su. Kuɗin da muka kashe ya sayi ragunan layya har da canji. Yanzu in ya zo gidan, gaisuwa kawai muke yi, makulli na cikin jakata.

Ɗan Kawo

Anti Allah ya mayar da alheri. Da mai 2.0 ce, giya goma gare ta ta sosai, da wataƙila ba a kai ga haka ba.

Mai A4, Kakuri

To kada a tsorata bawan Allah gaba ɗaya. Ni shekara ta uku ke nan da tiyunin a Audi A4 quattro mai giya takwas ta kamfanin ZF, kuma ko sau ɗaya ba ta ajiye ni a hanya ba. Bambancin shi ne ban karɓi fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet ba. Wanda ya yi min sai da ya sa na yi ta hawa baifas da sassafe ina taka ta a giya ta uku, ina aika masa da bayanan, yana ragewa, har sau huɗu, sai da ja-da-bayan nan da mai 335i ya faɗa ya daina fitowa. Ƙarfin da na samu bai kai na talla ba, amma nawa ne.

Abin da ba a gaya maka shi ne zafi. A watan Disamba da sanyin hunturu motar nan kamar aljana take. Daga Maris zuwa Afrilu kuwa, da rana tsaka, takun farko lafiya, na biyu da dama-dama, na uku sai ka rantse ba a taɓa ta ba, domin intakula, mai sanyaya iskar turbo, ta ɗau zafi, iskar da ke shiga inji ta zama ta tanda. Ƙurar hunturu kuma tana toshe filtar iska da wuri, ni duk sati biyu nake buɗewa in duba. Baƙin mai kilomita 5,000 nake zubarwa. Gidan mai ɗaya nake sha, jarkar bakin titi kuwa ko ana dogon layi ba na yarda, tun abin da ya faru a farkon 2022 lokacin da fetur mai methanol ya shigo ƙasar.

Gaskiyar da zan ƙara: tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ƙarfin nan ajiye yake kamar kayan ɗakin amarya. Sai zan tafi Abuja nake tunawa da shi.

Rewaya, Kurmin Mashi

Nawa gajere ne. An kira ni wani gareji, ana tsakiyar loda fayil aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar yaron kuma ya daɗe da mutuwa. Allo ya yi baƙi, mota ta ƙi ko kunna fitilar dashbod ɗin inji, fanka kawai ke ihu. Sai da muka ciro burenbos, wato kwamfutar inji, muka buɗe shi a kan tebur. Yaron bai ma adana fayil ɗin asali ba. Kafin a soma, a jona wa batirin mota caja mai riƙe wuta, kwamfuta ta cika, kuma a tura maka kwafin fayil ɗinka na asali a waya kana tsaye.

In kuma ya fara maganar Stage 2, mataki na gaba, to indomin salansa, wato abin tace hayaƙin nan, zai cire, ya kashe fitilar da za ta kai ƙara. Warin hayaƙin sai ya kori maƙwabta. Ka kuma tambaye shi ina indomin zai tafi, don tsada gare shi.

Mai GTI, Barnawa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya na bi shawarar Oga na Panteka na kai ta a fara dubawa. Man giya ya fito baƙi ƙirin kamar na injin niƙa. Amma ba wannan ne labarin ba. Da aka ɗaga ta, sai ga bututun bayan turbo ba na kamfani ba ne, babu indomi, kuma sikana ta nuna matsin turbo ya wuce na asali. Ashe Ba'amurken da ya riƙe ta ya riga ya yi mata, kuma bisa dukkan alamu don fetur ɗin 93 ɗinsu. Shekara guda ina yawo a kai da manmu ban sani ba, ina cewa GTI akwai ƙarfi.

Yanzu neman wanda zai rage mata nake yi. Malam mai A4, don Allah ka turo min bayanin mutuminka ta akwati. Kuma wa ya san inda zan samu man DSG na gaske da filta a Oriakpata? Lita shida aka ce in sayo.