Taƙaitawa: Jagorancin asibitin karkara a lokacin da ba a san gobe ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muhawarar da aka yi kan yadda za a jagoranci asibitin karkara ta yi tsawo, ga abin da na tsinta daga bakin ma'aikatan lafiya na yankin Haɗeja, Auyo da Kafin Hausa.

1. Kusan kowa ya yarda cewa shirin damina tun rani ake yin sa. Ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi, wasu garuruwan sai da kwalekwale. Don haka shugaban asibiti ya tanadi maganin zazzaɓin cizon sauro, gishirin zawo da kayan haihuwa kafin Agusta.

2. Sola ta fi janareta, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023. Firjin allurar rigakafi shi ne farkon abin da za a ba wutar. Amma wa zai share ƙurar farantin, wa zai sauya batir? A nan ake yawan sakaci.

3. Kan rubuta bayanan marasa lafiya a waya ra'ayi ya rabu. Matasa sun ce rahoton wata-wata yana saurin isa ƙaramar hukuma. Manyanmu suka ce idan sabis ya ɗauke ko caji ya ƙare fa? Mafi yawa sun tsaya kan a riƙe rajistar takarda tare da wayar. Ni ma nan na karkata.

4. A ja dagaci, limamai da ungozoma a jiki. Lokacin mashaƙo a Kano, maganarsu ta fi lasifika shiga kunne.

Batun kuɗin asusun lafiya na matakin farko kuwa, wato kuɗin da gwamnati ke ba ƙananan asibitoci, wasu na son a liƙa lissafinsa a bango, wasu na tsoron surutu. Ba a cimma matsaya ba.