Ta yaya aka ciyar da mutum takwas a ɓoye har shekara biyu a Amsterdam?

Maman Khadija: Assalamu alaikum. Iyalin Anne Frank, yarinya Bayahudiya mai shahararren littafin nan na tarihin rayuwarta, sun shiga maɓoya don guje wa 'yan Nazi ranar 6 ga Yulin 1942, daga baya wasu mutum huɗu suka same su suka zama takwas, aka kama su ranar 4 ga Agustan 1944. Abin da ya ɗaure min kai, ginin na kamfani ne, ma'aikata na shige da fice kullum. Abinci fa? Banɗaki fa? Kuma me ya tona asirin?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maɓoyar tana bayan gini mai lamba 263 a titin Prinsengracht, inda Otto Frank, mahaifin Anne, ke da kamfaninsa. Kafin su ɓuya ya mayar da kamfanin hannun abokan aikinsa waɗanda ba Yahudawa ba, don kada 'yan Nazi su ƙwace shi. Johan Voskuijl, shugaban sito na kamfanin, ya ƙera kantar littattafai mai juyawa ta rufe ƙofar. Yawancin ma'aikatan sito na ƙasa ba su san komai ba, shi ya sa da sun iso ƙarfe 8:30 na safe sai a yi tsit: ba takawa da ƙarfi, ba kora ruwan banɗaki, domin bututun ta cikin siton ya bi. Tagogi a rufe suke da labule, shara kuma a murhu ake ƙona ta.

Baba Sani: Abincin ne ya fi wuya. Ba a sayen burodi ko nama sai da takardar rabon abinci, wanda ya ɓuya kuwa ba shi da suna a rajista. Jan Gies, ɗaya daga cikin masu taimaka musu, ke samo takardun ta bayan fage. Matarsa Miep tana raba cefane shago-shago, don kada wani ya lura mace ɗaya na sayen abincin mutum goma. Masu ɓuyan sun tara buhunan wake da abincin gwangwani tun da wuri. Raunin tsarin shi ne ya dogara da 'yan mutane ƙalilan: a Maris 1944 an kama masu sayar musu da takardun, a Mayu aka kama mai kawo musu dankali saboda shi ma ya ɓoye Yahudawa. Daga nan cima ta lalace ƙwarai.

Malamin Tarihi: Batun wanda ya kai rahoto, har yau ba a tabbatar da kowa ba, don haka a yi hattara da masu ambaton suna kai tsaye. Binciken da gidan tarihin Anne Frank ya fitar a 2016 ya ce mai yiwuwa badaƙalar takardun abinci ce ta kawo 'yan sandan. Cikin takwas ɗin Otto kaɗai ya dawo. Anne da yayarta Margot sun rasu a sansanin 'yan Nazi na Bergen-Belsen a farkon 1945. Miep ce ta adana rubuce-rubucen Anne, aka buga su a 1947. An buɗe gidan ga masu ziyara a 1960, ɗakunan kuma babu kaya a ciki, domin bayan kamen an kwashe komai, Otto ya ce a bar su haka.